Yaɓe a Garin da Babu Damina

Bari in fara da abin da kowa ya ɓata. Ba Bahaushe ne ya gina gidan ɗaliban nan na unguwar Abbasiya a Alƙahira ba. Na san za a ji haushi, a ji ɗin. Tun ina ƙarama nake jin labarin, wai wani attajiri ne ya taso aikin hajji a ƙasa, ya yada zango a Alƙahira, ya tarar da 'yan uwansa masu neman ilimi suna kwana a barandar masallaci, tausayi ya kama shi, ya gina musu gida irin na garinsu. In ka tambayi Bakano, attajirin Bakano ne. In ka tambayi Badamagare, ɗan Damagaram ne, har unguwarsu zai faɗa maka. Hujjarsu biyu ce: zaure da indararo.

To, ni mai ƙunshi ce. Sana'ata kenan tun da na gama sakandare, kuma lalle ya shigar da ni gidajen Misirawa da yawa, na masu kuɗi da na talakawa. Duk tsohon gida a garin nan haka shigarsa take: ka shiga, ka karya dama, ka sake karyawa, don kada na titi ya hango tsakar gida. Ba mu kaɗai muka san kunya ba. Indararon kuwa na gwangwani ne, ɗalibai suka kafa abinsu. In ka tsaya a gaban mai sayar da ful na bakin layin, wato dafaffen waken nan na Misirawa, ka ɗaga kai, za ka ga ragowar hoton kwalbar man girki a jikin ɗaya.

Abin da na iya tsinta a bakin tsofaffin layin shi ne wani Bamisire mai fataucin yadi ya gina wa iyalinsa, da zuri'ar ta ƙare aka bar shi waƙafi ga baƙin ɗalibai. Wannan ma ba zan rantse a kai ba. Amma gidan da kansa ba ya ɓoye asalinsa. Bene ne na farin dutse da hayaƙin motoci ya mayar da shi launin kunun kanwa. Ƙofarsa katako ce mai kauri, da ƙusoshi masu manyan kawuna. Tagogin sama sun turo ciki kan titi, an saƙa su da 'yan ƙananan itatuwa kamar rariya, don matan gida su zauna su kalli duniya ba a gan su ba. Wato saman nan don mata aka yi shi. Yanzu kuwa mace ba ta taka matattakalar. Dokar gida ce, ba a rubuce take ba, amma ta fi rubutacciya ƙarfi.

A ƙasa akwai babban ɗaki mai dogon rufi, inda suke salla da cin abinci da musu. Tsakiyarsa ya ɗan nutse, kuma in ka ɗaga tabarma za ka ga zanen tauraro na duwatsu masu launi kewaye da wani rami da aka cike da siminti. Ruwa ne yake ɓuɓɓugowa a wurin a da. Gefen arewa na ɗakin an datse shi da bulo an fitar da ɗan ƙaramin ɗaki. Nan mahaifina yake kwana.

Baba ya zo garin nan yana saurayi, karatu ya kawo shi, a gidan nan ya fara ajiye akwatinsa. Ya auri mahaifiyata, Bahaushiyar Sudan, suka zauna a unguwar Ard al-Liwa, aka haife ni. Da ta rasu sai ya kasa zaman shaƙƙar, wato sashen da muke haya a bene, ya miƙa ni ga Inna, ƙanwarta, ya koma inda ya fara. Shi ke jan su salla, shi ke raba faɗa, shi ake kai wa sabon zuwa ya sa masa albarka. Ni kaɗai aka ɗaga wa ƙafa in wuce zaure zuwa ɗakinsa. Sai na yi sallama wani ya ɗaga murya ya ce, "'Yar Malam za ta wuce!" Sai ka ji ƙarti suna rige-rigen neman riga.

Ɗakin nan shi ne damuwata. Ba shi da taga sai wata 'yar kafa a saman ƙofa. Da zafi in ka shiga kamar ka sa kai a tanderu, fanka kuwa sai dai ta juya maka zafin. Ƙirjin Baba ya daɗe yana ba shi wahala, bara har sai da aka kwantar da shi. Likita ta ce mini, a gabansa, kada ya sake cin wani lokacin zafi a rufaffen wuri irin wannan. An gwada sa na'urar sanyi, wayoyin gidan suka ƙi ɗauka, da aka kunna gidan gaba ɗaya ya mutu har da ƙauri. Na ce ya dawo wurinmu. Inna ta ce ya dawo. Ya ce, "A nan na sauka, a nan za a ɗauke ni." Na ce, "Baba, ai ba gaggawa ake yi ba." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Bai dawo ba.

Yanzu ranar yaɓe. Duk shekara, daidai lokacin da can gida hadari ke fara haɗuwa a gabas, 'yan gidan suke ware rana guda su hau rufi. Ana sayo siminti da yashi, a kwaɓa a tsakar gida, a jera layi ana miƙa kwano hannu da hannu har sama. Sababbin zuwa su ne masu kwaɓi, tsofaffin zuwa su ne masu shafe. A toshe duk wata tsaga, a share indararo, sannan a ƙara wa Tozo sabuwar riga. Tozo shi ne wani ƙullutu da ke saman rufin ta gefen arewa, daga titi kana hango kansa, a karkace kamar tozon bijimi. Wai ɗaki ne attajirin ya fara ginawa ajali ya riske shi bai gama ba.

Mu mata namu girki ne. Ni da Inna da matan tsofaffin ɗalibai mukan tuƙa tuwo a gida, mu yi miyar kuka da ɗanyar kuɓewa, mu ɗauko a mikrobas muna faɗa da direba kan tukwane, mu sauke a zaure mu zauna. Tun ina 'yar shekara goma nake tambayar amfanin yaɓen nan. Na taɓa tare shugaban gidan na yanzu, wani dogon Bazazzagi mai karatun digiri na biyu, yana wucewa da kwano a ka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wai wane ruwa kuke tarewa?"

Ya ce, "Ruwan sama mana, 'yar Malam."

"Tun da ka zo garin nan sau nawa ka ga damina?"

"Allah da ya hana shi ke iya bayarwa."

"Haka ne. In ya bayar ma da sanyi yake bayarwa, ba yanzu ba."

Wani Basakkwace da ke bayansa ya ce, "Ƙyale ta, Shugaba, haifaffar Masar ce, ba ta san tsoron ɗigon soro ba. Ke kin taɓa kwana kina jan tabarma daga wannan lungu zuwa wancan?"

Ban taɓa ba. Ban ma taɓa ganin ƙasar Hausa ba sai a waya. Amma ban gamsu ba.

Amsar ta zo mini ta hanyar aiki. Wasu Misirawa suka kira ni ƙunshin amarya, sun kama wani tsohon gida a cikin tsohon gari, irin waɗanda aka gyara ake bayarwa don biki da ɗaukar hoto. Da rana ne tsaka, rana irin wadda kwalta ke kama takalmi. Na zauna a ƙasa ina zana wa amarya ƙafa, sai na ga lallena yana bushewa tun ban gama reshen fure ba. Mayafina kuma sai kaɗawa yake. Na duba hagu, na duba dama, ba fanka, ba komai. Na tambayi uwar amarya ina suka ɓoye na'urar sanyin.

Ta yi dariya ta nuna sama da wayarta. "Malƙaf ne, ya binti, 'yata. Ba ku da shi a ƙasarku?"

Na ɗaga kai. Can ƙololuwar bangon arewa akwai wani faffaɗan baki da aka saƙa da katako, iska na zubowa ta ciki kamar ana tsiyayo ta. Ta ce a saman rufi an gina masa rumfa a karkace, bakinta na kallon bahari. Wannan kalmar kowa ya san ta a Alƙahira, ita ce arewa, inda iskar teku ke fitowa, kuma ba mai kama shaƙƙa bai tambaya ko bahari ce ba. Rumfar ta cafko iskar ta turo ta ƙasa, zafin ɗaki kuma ya tashi ya fita ta wata 'yar ƙubba mai tagogi da ke tsakiyar rufin. Ta faɗa mini haka a gurguje ta koma faɗa da mai kawo kek.

Rumfa a karkace, ta gefen arewa. Tozo ya faɗo mini a rai, har na ɓata wa amarya ganye guda, na mayar da shi tsuntsu.

Washegari na tafi Abbasiya, ban ko biya ɗakin Baba ba, na nemi shugaba. Na ce ina son hawa sama in duba Tozo.

Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, 'yar Malam, kin san doka."

"Minti nawa ne? In hau in sauko."

"Ɗakunan samari ne a hanya. In na bar ki yau, gobe wa zan hana?"

"To kai ka hau ka duba mini, ta ina yake kallo?"

"Tozo ba ya kallon ko'ina, Tozo ne."

Khalas, magana ta ƙare. Na fita. Jikin gidan akwai wani bene da ya fi shi tsawo, kuma na san wata tsohuwa a ciki, na taɓa yi wa jikarta lalle. Hajja muke ce mata, tana kiwon agwagi da tattabaru a saman rufinsu. Na ƙwanƙwasa, na ce ina son leƙa gidan maƙwabta daga sama. Ba ta ko tambaye ni dalili ba, ta jawo silifas ta ce, "Yalla, mu je."

Ban taɓa ganin gidan daga sama ba. Wani abu ne daban. Rufin duk ya yi tudu da kwari saboda shafe a kan shafe, kamar fatar kada. A tsakiya ga 'yar ƙubba irin ta gidan bikin, an lulluɓe ta da kwano da tsohon tamfol, an danne da tayoyin mota. Ga Tozo kuwa. Bayansa a kwance yake a karkace zuwa kudu, gabansa a tsaye, yana fuskantar arewa sak. A gefe guda inda simintin ya ɓare ana ganin hawa-hawan shekaru, sabon siminti a kan tsoho, can ƙasa kuma jar ƙasa haɗe da ciyawa. Wato na farkon ma da laka suka yi, irin ta gida. Ina suka samo jar ƙasa a Alƙahira? Har yau ina son in sani. A ƙarƙashin lakar kan wani katako ya leƙo.

Muna tsaye iska na kaɗa mana riguna. Tana zuwa ta daki fuskar Tozo ta wuce abinta.

Na ce, "Hajja, kin san mene ne wancan?"

"Malƙaf ne mana. Surukata, Allah ya jiƙanta, ta ce da tana amarya babu gidan da ya kai wannan sanyi a layin nan. Matan unguwa har neman dalilin shiga suke yi da rana."

"Kuma kuna gani suna toshe shi duk shekara?"

"Muna gani? Shayi muke hawowa da shi mu zauna kallo. Suna waƙa suna miƙa kwano, abin sha'awa."

"Ba wanda ya taɓa ce musu komai?"

Ta dube ni kamar na yi rashin kunya. "Mu ce me? Mun ɗauka wani abu ne na addininku ko al'adarku. Mutum ya zo daga nesa, ka hana shi abin garinsu?"

Na tsaya ina kallon indararon gwangwanin nan da suka yi layi suna jiran ruwan da ba zai zo ba. Haushi nake so in ji, dariya ta hana ni.

Bayan la'asar na shiga wurin Baba. Yana zaune a bakin gado da 'yar shara, yana fifita da murfin kwali. Ban zauna ba. Na ɗaga kai na dubi bangon da ke bayan gadonsa. Na shiga ɗakin nan ba adadi, ban taɓa kula ba: can sama kusa da rufi akwai saƙar katako mai faɗin ƙofa, an shafe ta da koren fenti iri ɗaya da bangon, har ramukan sun cike. Daidai saman matashinsa.

Na ce, "Baba, mene ne wancan?"

Ya ɗaga kai da ƙyar. "Ado ne. Haka muka tarar."

Na ba shi labarin gidan biki da abin da na gani daga rufin Hajja. Na yi zaton zai ce in bar surutu. Sai ya ajiye kwalin ya ce in miƙo masa sandarsa. Ya miƙe ya ɗaga ta, ba ta kai ba. Na hau kujera na karɓa na ƙwanƙwasa katakon. Ya yi ƙara irin ta abin da bayansa rami ne. Ɓawon fenti ya zubo masa a gemu.

Ya ce, "Ikon Allah. Sake bugawa in ji."

Na sake.

Ya zauna yana kakkaɓe gemu. Ya ce da ya zo, akwai wani tsohon ɗalibi ɗan Agadas da ya ba su labari, shi ma ji ya yi, wai wata shekara da sanyi an yi ruwa mai iska, ruwan ya shigo ta sama ya jiƙa littattafai. A lokacin littafi ba abin wasa ba ne, wani da hannu aka kwafe shi. Ɗalibai suka hau suka ga rami a rufi. "Bahaushe kuwa in ya ga rami a rufi," in ji Baba, "abu ɗaya ya sani."

Na ce, "To ruwan da sanyi ya zo. Me ya sa ake yaɓen yanzu, daidai shigowar zafi?"

Ya ce, "Ai yanzu ne lokacin yaɓe."

"A ina?"

Ya yi murmushi. Ya daɗe yana kallon koren katakon, kamar mutumin da aka ce masa wanda ya yi shekaru yana gaisawa da shi a masallaci ɗan uwansa ne.

Na ce, "Baba, magana ɗaya za ka yi. Ka ce bana a fasa bakin Tozo, ba a shafe shi ba. Kai ne za ka sha iskar."

Ya girgiza kai. "Ke ba ki san gidan nan ba. Akwai mai wazifa, akwai mai cewa bidi'a ce. Akwai na Nijar, akwai na Najeriya, akwai waɗanda ba sa cin abinci kwano ɗaya. Ranar yaɓen nan ce kaɗai nake ganin wannan ya miƙa wa wancan kwano ya karɓa ba tare da ya tambayi hujja ba. Yaro ya zo daga ƙauyensu, garin nan ya ruɗa shi, ba ya jin maganarsu, ba ya iya cin abincinsu. Ranar da ya sa ƙafa a kwaɓi, ranar yake zama ɗan gida. In na ce aikin banza ne suke yi tun kafin a haife su, me na ba su a madadinsa?"

"Numfashinka fa?"

"Ni ba zan ce a fasa ba." Ya ɗauki kwalinsa ya ci gaba da fifita. Can ya ƙara da cewa, idonsa na sama, "Amma dai ina son in ji yadda iskar take."

Na fito raina a dagule. A mikrobas har na tsallake tashar da zan sauka ina ta juya maganar. Ranar yaɓe ta kusa, zafi kuma ya riga ya fara, na ji yadda ƙirjinsa ke ƙara da yana magana. In aka ƙara wa Tozo riga bana, sai dai in sake raka Baba asibiti, in ma asibitin ne.

Inna na ɗinki da na shiga. Na zayyana mata komai. Ba ta ɗago daga keken ba ta ce, "Wanda ya gina abin, shi bai san ana ruwa da sanyi ba? Ai dole da murfinsa."

Wannan ban yi tunaninsa ba. Na kira uwar amaryar nan a waya, na ce ta yi haƙuri, tambaya ce ba ta lalle ba. Ta ce ƙwarai, da ƙyaurensa na katako, ana buɗewa da zafi a rufe da sanyi, in ba haka ba ai sanyi zai kashe mutane.

To, ga abin da na yanke. Ba zan roƙi kowa ya bar hawa rufi ba. Su hau, su yi waƙarsu, su miƙa kwanonsu, sai dai bana ɓaraguzai za su miƙo ƙasa. In sanyi ya zo su sake hawa su rufe, sun samu rana biyu ke nan maimakon ɗaya. Amma na san 'yan gidan nan, in na je da baki kawai, musu za mu yi har Magariba, a kawo mini ayoyi. Ƙyauren zan kai musu a hannu, tare da tuwo, in jingina shi a zaure inda ba mai wucewa bai yi tuntuɓe da shi ba. Akwai kafinta a layinmu da ya ce in na kawo awo zai yi.

Awon ne ya rage. Katangar Hajja ba ta fi tsayin mutum ba daga rufin ɗaliban, kuma tana da tsanin da take hawa ɗakin tattabaru. Na ari tef ɗin Inna na sa a jakar lalle. Gobe da hantsi, lokacin da duk suka tafi lacca, zan sauka in auna bakin Tozo.